Yadda Yaya Ta Ci Jarrabawar Ɗinki

Shekara goma sha tara Yayata ta yi tana ɗinka rigunan ma'aikata a masana'antar da nake guga, sai bana aka gano wai ba ta iya ɗinki ba. Wanda ya gano ɗin wani ɗan gaye ne da sabbin masu kamfani suka turo, mai biro uku a aljihun riga. Mu dai Mai Biro muke ce masa. Ya tara mu ya ce daga yanzu duk wadda ba ta da takardar shaidar ƙwarewa ta nemi hanyar gida. Zama biyu na jarrabawa za a ba kowa, in ka faɗi na biyu shi ke nan.

Yaya ta ce, "To rigar da ke jikin mai gadinku wa ya ɗinka?"

Ya ce ai riga ba shaida ba ce. Madalla da ilimi.

Ita Yaya da kunne take aiki. Keke talatin na ruri a ɗaki, ba ka jin maganar na kusa da kai, amma sai ta ɗaga kai ta ce, "Ke ta bakin taga, kekenki na tsallake." A duba, haka ne. Rabin matan ɗakin a hannunta suka koya, kuma ba ta taɓa koya wa kowa da baki ba. Hannu kawai za ka ga ya miƙo, ya gyara zare, ya koma. Mijinta ya daɗe a kwance da ciwon baya, ga 'ya'ya huɗu, saboda haka kekenta ne ke ciyar da gidan.

Aka sa su kwas na mako biyu. Mai Biro yana nuna musu hoton allura a bango, yana cewa wannan ita ce allura. Matan da allura ta huda wa yatsu tun kafin ya shiga firamare suka rubuta.

Ranar jarrabawa aka jera su bibbiyu. Kowacce za ta zura zarenta, ta ɗinka kwala da aljihu cikin minti arba'in. Ba magana, ba waige. Kusa da Yaya aka sa Maman 'Yan Biyu, wadda suka yi shekara goma sha ɗaya gwiwa da gwiwa. Baiwar Allah ta iya aiki, amma da an tsaya a kanta sai ta rikice. Ta sa allura a juye. Keke ya fara tsinka zare.

Ni ina leƙe ta ƙofar ɗakin guga. Wallahi Yaya ko kallonta ba ta yi ba. Hannu ya miƙa, ya kwance allura, ya juya ta, ya ɗaure, ya dawo kan kwala. Mai Biro ya zaro jan bironsa da murna, kamar mai kamun kifin da ya wuni bai samu ba.

"Satar amsa! Ku biyu, sifili."

Yaya ta ce, "Amsar me, ɗan nan? Allura ce a juye."

Ya ce a ƙa'ida kowa aikinsa ake aunawa. Ta ce riga ɗaya hannu shida ke ɗinka ta a ɗakin nan. Ya duba takardarsa sama da ƙasa, bai ga layin da za a rubuta wannan ba.

Da yamma na same ta a gida tana ninke wanki. Na ce, "Yaya, zama ɗaya ya rage miki. Don girman Allah ki ɗaure hannun nan." Ta ce ita ba ta san ma ya miƙa ba. Na ce to ta sani. Na yi mata faɗa sosai, ni ƙanwarta da ta goya, har na lissafa mata 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya kamar ta manta su. Har yau ina jin kunyar wannan, amma na faɗa.

Bayan wata guda aka sake zama. Mai Biro, da yake mutum ne mai tsari, ya bi lambobi ya sake jera su kamar da. Wannan karon Maman 'Yan Biyu ta sa allura daidai, ta duba ta sau uku. Kwarkwaro, wanda ke riƙe zaren ƙasa, shi ta saka a juye. Minti biyar da farawa zare ya soma cukurkuɗewa a ƙarƙashin ƙyalle. Ni da ke guga ban ji komai ba. Amma na ga kafaɗar Yaya ta motsa, na san ta ji.

Maman 'Yan Biyu ta cire allura ta mayar, ta sake cirewa, gumi na ɗiga a kan kwalar. Can ta ce a hankali, "Yaya." Sau ɗaya kawai ta faɗa.

Yaya ta danne ƙyallenta da hannu biyu ta ci gaba da taka keke.

Ta samu maki casa'in da shida. Mai Biro ya ɗaga kwalarta ya nuna wa kowa, ya ce ga amfanin horo, ku dubi bambancin zama na farko da na biyu. Aka tafa. Aka ɗauke su hoto, shi yana murmushi, takardar shaidar na tsakaninsu. Daidai lokacin Maman 'Yan Biyu na can baya tana zuba almakashinta da kofin shayinta a jaka.

A bakin ƙofa suka haɗu. Maman 'Yan Biyu ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ce, "Yaya, me na yi ba daidai ba? Na duba allurar."

Yaya ta ce, "Kwarkwaro ne."

"Kin ji?"

"Tun ɗinkin farko na ji."