Mabuɗi Na Uku

A allon talla da aka kafa a ƙofar ofishin kamfanin Sawun Buhu, daf da Kasuwar Litinin, akwai hoton Phebe tana murmushi, riƙe da waya a gaban buhun wake. Masu wucewa Phebe suke gani. Ketura Yoila kuwa yatsu ta hango a kan kafaɗar Phebe ta hagu, inda mai buga allon ya yanke hoton bai yanke da kyau ba. Yatsunta ne. Ranar da aka ɗauki hoton, su biyu suka tsaya.

A Biu aka haifi Ketura. Babanta malamin firamare ne, ya dawo da iyalinsa unguwar Jiddari Polo a nan birni tana ƙarama. Tun lokacin ba ta da yawan magana, in baƙi suka zo sai ta shige ɗaki. A coci ta haɗu da Phebe, cikin ƙungiyar mawaƙa: Phebe ke ba da waƙa a gaba, Ketura na amshi a layin baya. Tare suka shiga jami'a. Ketura ta karanta ilimin kwamfuta, Phebe aikin jarida.

Oga Ignatius ne ya kafa kamfanin. Dillalin hatsi ne da ya daɗe a kasuwar, ya gaji da masu saye daga kudu suna zargin an zuba wa wakensa maganin ƙwari mai cutarwa. Ya ɗauki Ketura ta rubuta masa manhaja. Kowane buhu ana liƙa masa lamba, a shigar da gonar da ya fito da yadda aka adana shi, bayanin ya hau bulokcen. Shi bulokcen rumbun bayanai ne da ke a fili, kwamfutoci dubbai a duniya na riƙe da kwafinsa. Kowa na iya dubawa, kuma abin da ya shiga ba ya goguwa.

Aikin ya yi kyau. Bayaninsa ne ya gagari Ketura. Ranar da aka tara manoma, ta miƙe, ta ce "bulokcen", wani dattijo ya ce ta ɗaga murya, sai muryar ta ƙara shigewa ciki. Ita da kanta ta kawo Phebe. A cikin keke mai ƙafa uku, a hanyar zuwa aiki, ta koya mata komai. Da Phebe ta tsaya gaban manoman sai ta ce, "Baba, kamar a yi shela ne a tsakiyar kasuwa kowa ya ji. Gobe wa zai ce ba a faɗa ba?" Suka yi dariya, suka kawo buhunansu.

Daga nan sai rediyo, sai allon talla. Wata Lahadi fasto ya kira Phebe gaba, ya yi mata addu'a a matsayin "'yarmu da ta ƙirƙiro fasahar wake". Ketura ta yi tafi tare da kowa, har tafin hannunta ya yi zafi. A hanyar gida mamanta, Talatu, ta dube ta.

"Ba ke ma a can kike aiki ba?"

"A can nake, Mama."

"To ki riƙa taimaka mata da kyau."

Sai ga gayyata. Masu kula da bulokcen ɗin sun shirya taro a ƙasar waje, a birnin Kigali, don kamfanonin da ke gina ayyukansu a kansa. Kujera ɗaya aka ba Sawun Buhu.

"Mai baki za ta je," in ji Oga Ignatius. "Ke 'yata, ki riƙe mana gida."

Kamfanin yana da ƙa'ida ɗaya, Ketura ce ma ta kawo ta. Ba a ɗora sabuwar manhaja a kan bulokcen sai mutum uku sun sa hannu, kowa da mabuɗinsa na sirri: Oga, Phebe, da ita. Sabuwar manhajar ita Phebe za ta nuna a Kigali, kuma masu taron sun ce duk abin da bai hau ba kafin yammacin Juma'a ba za a nuna shi ba. In Ketura ba ta sa hannu ba, Phebe za ta tsaya gaban jama'a da baki kawai.

Oga da Phebe suka sa nasu tun farkon mako. Ketura ta buɗe shafin, ta ga alama biyu kore, ta uku babu komai. Danna maɓalli ɗaya ne. Ta rufe kwamfutar.

Ba ta ƙudurta cutar da kowa ba. Ta dai gano cewa tana son kallon gurbin nan, domin shi kaɗai ne wuri a duk kamfanin da rashinta ke nunawa. Ta yi ta buɗe hotunan ɗakin taron a waya, tana zaɓar kujerar da Phebe za ta zauna. Oga ya kira, ta ce tana sake duba aikin. Ta san ba abin dubawa.

Ranar Juma'a da hantsi Phebe ta sauka daga keke a ƙofar gidansu, da leda a hannu. Ta durƙusa ta gaida Mama, ta wuce ɗaki, ta zazzage sabon ɗinki a kan gado.

"Ketu, dubi abin da telan nan ya yi min. Hannun riga kamar buhun Oga."

"Ya yi kyau."

"Ba ki ma kalla ba." Phebe ta zauna. "Manhajar ce ke da matsala?"

"A'a."

"Wuta ce babu? Na zo da caji."

"Akwai wuta."

Phebe ta juyo ta dube ta, ta ce, "To me?"

Ketura ta kama gefen zanen gado tana murzawa. "Ni na rubuta ta. Tun daga layin farko."

"Na sani."

"Fasto bai sani ba. Mama ma ba ta sani ba."

"Na faɗa a rediyo, suka yanke."

"Sau ɗaya."

Phebe ba ta musa ba. Ta ninke rigar a hankali, ta ce, "To je ki. Da gaske nake. Yanzu sai in kira Oga a canja suna. Za a ba ki abin magana, mutane cike da ɗaki, bayan nan tambayoyi da Turanci. Ki je."

Ketura ta hango kanta a kan dandamalin taron, muryarta na shigewa ciki kamar ranar manoma. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Phebe ba gatse take yi ba. Ta gane ba kujerar take so ba. So take ta zama irin mutumin da ake ba kujera, kuma wannan ba ya hannun Oga, ba ya hannun Phebe.

"Kin san ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan iya naki ba, 'yar uwa. In suka tambaye ni abin da ke ciki, kunya zan sha."

"Za su tambaya." Ketura ta jawo kwamfutar. "Matso in nuna miki. Kada ki ce 'fasahar wake' a can."

Ta shigar da mabuɗinta, ta danna. Alama ta uku ta zama kore, da rana da lokaci a gefenta, nesa da na sauran biyun. Duk wanda ya duba nan gaba zai ga tazarar, ba kuma mai iya gyara ta. Phebe ta gani, ta matso kusa da kwamfutar.

Suka yi bita har azahar. Phebe ta maimaita bayanin da muryarta mai daɗi, ya fito fes, ya fi yadda Ketura ta faɗe shi. Ketura ta ji ƙyashin da take yi mata yana nan, bai ragu ba ko kaɗan. Ta raka ta bakin titi, ta tsayar mata da keke.

Da ta dawo, Mama ta miƙo mata roba cike da tattasai da albasa. Ta sa takalmi, ta kai markaɗe.