Tsagiyar Baƙin Ingarma

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan: ni, da maigida a kan tabarma an jingina shi da bango, da ƙanensa da ya zo daga Bakura, wanda ya yi shekara da shekaru yana buga masa ƙwarya, sai babban ɗanmu mai gyaran babur a nan Mafara.

Maigida mai goge ne. Gogensa babba ne, muryarsa a ƙasa take kamar kukan bajimi. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, gogen yana rataye har tsagiyarsa ta tsintsinke. Da safen ya ce a ɗaura sabuwa, yana so ya gani ko yatsun za su tuna. Ni ke wanke hannun kullum, na san abin da ke cikinsa.

Tun ina amarya ni ke zaɓar masa tsagiya, gashin wutsiyar doki da ake ɗaura wa goge. Shi kunne gare shi, ni ido da haƙuri.

Ɗanmu ya fara zaro zaren kamun kifi daga aljihu.

"Inna, shi kowa ka sawa yanzu. Ba ya tsinkewa."

"Kifi za ya kama? Mai da abinka."

Ƙanen ya kwance ƙunshin tsagiya biyu da ya samo a Maradun, fara da baƙa, ya turo min farar.

"Matata, dubi wagga. Kamar ta amarya."

Na kai hanci, na ja sili ɗaya tsakanin farce. Ya tsinke tun ban matsa ba.

"Ta goɗiya ce. Fitsari ya cinye ta. Shekara nawa kana zaune bayan goge ba ka san wanga ba?"

"Ni ƙwarya nika bugu, ba wutsiya nika shinshina ba."

Maigida ya yi dariya da rabin baki. Na ga dariyar, ban ji komai ba.

Baƙar ta ingarma ce, mai kauri, irin da gogensa ke so. Na baje ta a faifai, na bi ta sili-sili. Mai lanƙwasa na fitar, mai ƙulli na fitar, wanda bakinsa ya tsage na fitar. Na jera su kai da kai, na wanke da sabulun salo, na shanya a inuwa. Ban gaggauta ba, ban kuma rage ko mataki ɗaya ba. Idan abin ya ƙi, kada a ce daga tsagiya ne.

Bayan la'asar ƙanen ya ɗaura, ya ɗame, ya cusa jaki, ɗan icen da tsagiya ke hawa, ya shafa ƙaro. Ɗanmu ya ɗora wa uban gogen a cinya, ya ɗaga hannun hagun ya aza masa a wuyan gogen.

Maigida ya ja gogen da hannun dama. Muryar ta fito cikakkiya, har kajin suka ɗaga kai. Ya sake ja. Ita dai ce, murya ɗaya. Ina kallon yatsun nan huɗu, suna kwance kan tsagiya, ko ɗaya bai motsa ba. Ya ja sau biyar ko shida.

"Sai a hankali, Yaya," in ji ƙanen. "Gobe ma rana ce."

Maigida bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Tsagiya ta yi," ya ce.

"Na sani."

"A ɗauke."

Na ɗauke na rataye, na tafi na ɗora tukunyar tuwo, don magariba ta gabato.

Washegari da na idar da salla na sauko da gogen. Na sassauta tsagiyar kamar yadda yake yi in zai daɗe bai taɓa shi ba, na zare jakin na sa a kwallata ta ƙasan gado. Na naɗe gogen da tsohon zane, na rataye shi a ɗakina, inda ba ya gani daga shimfiɗarsa. Sannan na ɗumama ruwa, na je na wanke masa hannun.