Yaƙin Jirgin Roba a Kan Ƙyauren Kaka

Jirgin ƙasa na farko da ya shigo Daura a cikin baƙar leda ya shigo, kuma a gidanmu ya sauka. Masu shimfiɗa layin dogo a bayan gari su yi haƙuri, mun riga su. Kawuna ne ya sayo shi a shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur kusa da tasha, wanda yake rataye kayan wasan yara a bakin ƙofa. Na roba ne mai araha, kai ɗaya da tarago uku, da layin da ake harhaɗawa ya zama zobe. In aka sa masa batir sai ya yi ta zagaye yana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta.

Kuskure ɗaya Kawu ya yi. Jirgi guda ya sayo, ya ce namu ne mu biyu, ni da ɗansa da ya zo mana hutu daga Zango. Yaron nan taubashina ne, sa'ana, kuma tun da ya koyi magana bai taɓa kirana da sunana ba. Shi ɗan namiji ne, ni 'yar mace, don haka a wurinsa ni baiwarsa ce. Ni kuma ɗan ƙauye nake ce masa. Na san Zango gari ne, amma ba a neman gaskiya a wasan taubasai.

Ba mu daɗe ba muka gaji da kallon abu yana zagaye kamar ya ɓata hanyar gida. Shi ya kawo dabarar yaƙi, daga wani wasa da yake yi a wayar yayansa. Muka jawo tsohon ƙyauren ɗakin Kaka da aka jingine a bayan rumbu, muka kwantar da shi a kan bulo a gindin darbejiyar tsakar gida. Muka gina tsaunuka da laka, muka shimfiɗa shuɗiyar leda ta zama kogi, kwalayen ashana suka zama gidaje. Jirgin kuwa jajawur yake kamar kayan biki, bai yi kama da mai zuwa yaƙi ba, sai na shafe shi da baƙin tukunya na kifa wa kansa gwangwanin kifi a matsayin sulke. Daɗin abu mai araha ke nan, ko me ka yi masa ba mai kama ƙirji.

Dokar mai sauƙi ce. Kowa da garinsa a ƙarshen ƙyaure. Marafen kwalbar lemo ne sojoji, nasa jajaye, nawa koraye. In an zo kanka sai ka loda naka a tarago, jirgi ya nufi garin abokin gaba da su, shi kuma ya riƙa harbinsu da ƙwallon dabino, da ɗan yatsa ake ɗanawa. Marfin da ya kife ya mutu. Wanda nasa suka riga ƙarewa, an cinye shi.

Zan faɗi gaskiya sau ɗaya a labarin nan: ya fi ni saiti. Yaron da ya tashi yana korar tsuntsaye a gonar gero, in ya ɗana ƙwallon dabino ko sauro ne sai ya same shi a ido. Duk hutun nan kashi nake sha.

Ana gobe zai koma, na tarar da shi yana cusa jirgin a jakarsa.

"Kai ɗan ƙauye, ina za ka da shi?"

"Gida. Ke da abin da kika mallaka ai duk nawa ne, baiwata."

Na riƙe kan jirgi, ya riƙe tarago, muka yi ta ja har kajin gidan suka taru kallo. Kaka ta fito da carbi a hannu. Ita ce ta haifi babansa ta haifi innata, don haka ba inda za mu ɗaukaka ƙara bayan ita.

"Ku sake shi kafin ku maida shi jirgi biyu," in ji ta. "Ba yaƙi kuke yi kullum a kan ƙyaurena ba? To gobe da safe ku yi na ƙarshe. Wanda ya ci, jirgi nasa. Ni ce alƙali."

Alƙalin da take kiran abokin shari'arki "maigidana", tana ware masa tsoka a miya, ina ke ina adalci?

Da safe ya zo fage yana tafiya kamar wanda aka riga aka naɗa. Cin nasara kawai bai ishe shi ba, sai da ya ƙaro sabuwar doka don a san mai ilimin yaƙi ne.

"Soja ba ya faɗa da yunwa," in ji shi. "Duk marfin da ba abinci a cikinsa, ba ya cikin lissafi. Haka ake yi a waya."

Kaka ta ce ta yarda. Ya shiga madafi ya ɗebo gero cikin tafin hannu, ya cika kowane jan marfi har yana zuba.

"Kin ga sojojin manoma? Naki fa, iska za su sha?"

Ni kuwa na tsaya ina kallon geron nan, wani sanyi yana ratsa ni. A gidanmu ni ce mai ba kaji abinci. Kullum da safe nakan zuba gero a gwangwani in kaɗa, su kuma su taho kamar an buɗe ƙofar makaranta. Ranar ban ba su ba tukuna, kuma daga lokacin na yanke shawarar ba sauri nake yi ba. Na shiga madafi na ɗebo garin kuka na zuba wa nawa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Miya ba tuwo? Kaka, kin ga 'yan birni!"

"Abinci ne ko ba abinci ba ne?" na tambaya.

"Abinci ne," in ji Kaka. "Ku fara, rana na yi."

Ni na fara lodi. Jirgi ya tashi, kafin ya haye kogin leda ya kifar min da tarago guda cur. Kuka ta tashi kamar hayaƙin bam, Kaka ta yi atishawar da na tabbata an ji ta har Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Sojojina suka ragu, waɗanda suka tsira ma kallon tausayi suke yi min.

Aka zo kansa. Ya loda jirgi irin lodin motar kasuwa, marfi kan marfi, har da na kan sulke. Ya danna maɓalli. Layin roba ba ya kwanciya daidai a kan tsohon ƙyaure, don haka jirgi ya kama rawa, geron cikin marafe ya kama kacau-kacau-kacau. Sak ƙarar gwangwanina.

Ban buɗe baki ba. Ko ƙwallon dabinon ban harba ba, na dai naɗe hannu.

Wadda ta fara isowa wata jar kaza ce mai ido ɗaya, wadda kyanwar maƙwabta take canja hanya in ta hango ta. Ba gudu ta yi ba, tashi ta yi sama kamar shaho, ta dira a tsakiyar garin Zango. Sauran suka biyo baya da zakara a ƙarshe, shi dai kullum sai an gama wahala yake zuwa. Taubashina ya kama ihu yana kaɗa hannu, ya kori wannan waccan ta dira. Jar kazar ta bi jirgi a guje tana saran fasinja ɗaya bayan ɗaya, ta kai wa tarago na ƙarshe shuri ya faɗa kogi. Wata ta leƙa garina, ta sa baki a kuka, ta girgiza kai kamar an zage ta, ta koma inda ake rabon arziki.

Da ƙura ta lafa, babu jan marfi ko ɗaya da yake zaune daidai. Nawa koraye kuwa, 'yan ƙalilan ɗin da suka rage, suna nan a tsaye da miyarsu.

"Kaka, maguɗi ne! Ita ta kira su!"

"Na ji bakinta? Ban ji ba. Wa ya kafa dokar abinci?"

"Ni ne, amma…"

"Wa ya ɗebo geron?"

Ya kama cire gashin kaza daga wuyan rigarsa.

"Maigidana," in ji Kaka, "ɗan manomi guda, ka shanya gero a tsakar gida kaji na yawo? Ko ni da nake sonka ba zan iya rufa maka wannan ba. Jirgi nata ne." Sai ta juyo kaina. "Ke kuma ja'ira, da kika bar min kaji da yunwa har hantsi, kada ki ɗauka ban gani ba. Ɗauko tsintsiya."

Na share tsakar gidan nan kaf ina waƙa. Ban taɓa jin daɗin shara irin ta ranar ba.

Da babur ya zo kai shi tasha, ya miƙo min jirgin da hannu biyu, da ladabin da ya sa na zargi wani abu. "Na bar miki, baiwata. Ubangida ba ya jayayya da bayinsa." Sai da suka sha kwana na danna maɓalli, shiru. Na buɗe cikin jirgi na tarar wayam. Batiran na tocilarsa ne, ya kwashe abinsa.

Wannan bai dame ni ba. Na roƙi Kaka tsofaffin na rediyonta, na jera su a kan katanga suka sha rana yini guda. Da su jirgin yake tafiya yanzu, a hankali, yana tsayawa yana nishi kamar tsoho a hanyar masallaci. Ya yi tafiyarsa yadda ya ga dama. Duk inda ya zagaya ya dawo, a Daura yake kwana.