Hannun da Ban Bayar Ba

Motata ta farko na saye ta ne bayan an gama yaƙi, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa Legas, kowa yana gini, kowa yana son nama. Kafin nan fata nake saye a mayanka, in shanya, in kai wa majema. Da na ga abin da fatake ke biya a kawo musu raguna daga Arewa, sai na tattara abin da nake da shi na sayi tsohuwar gingimari mai bodin katako. Ban iya tuƙi ba, har yau ma ban iya ba. Na ɗauki direba, wani Banufe mai shiru-shiru da ya girme ni, ni kuma ina zama a gaba kusa da shi, don ba na sakin dukiyata ta yi tafiyar kwana uku ban gan ta ba.

Wanda ya zaɓar mini motar wani Bazazzagi ne, direba mai motar kansa. Shekara bakwai muka yi da shi a ɗaki ɗaya a Agege, bayan layin dogo, kafin kowannenmu ya yi aure. Shi ya shiga ƙarƙashinta da rigarsa mai kyau, ya fito ya ce injin lafiya lau, mai saye ne dai abin tausayi. Haka muke da shi. Ni Bakano, shi Bazazzagi, wasan da muka gada kuma ko a zaman makoki ba ma ajiye shi. Bai taɓa kiran sunana ba. Bawana yake ce mini a gaban kowa, ni kuma in ce masa ɗan ƙauye. In na shigo rumfar mai shayi sai ya ce a ɓoye sukari, Bakano ya zo, yanzu zai kwashe ya sayar mana da abinmu. Duk Agege ba ni da wanda nake sakin jiki da shi kamarsa. Wannan zumuncin na saka a caca, kuma lokacin ban san na saka ba.

A tasharmu akwai wata gasa da ake yi duk shekara a watan da ke gaban Layya. Motoci kan yi lodin raguna a kasuwa ɗaya can Arewa, su taso rana ɗaya, wadda ta riga shiga Agege sai sarkin tasha ya ja mata layi da alli a bangon rumfar shayi. Ranar jajiberin Salla a duba. Motar da ta fi yawan layi ba ta bin sahu har shekara ta zagayo: duk huhun goron da za a kai Arewa ita ce farkon ɗauka. Wanda ya san yadda mota kan yi kwanaki a tasha tana jiran kaya ya san darajar wannan. Amma gaskiya ba goron ne ke hana mu barci ba. Sunan ne. Mata a bakin famfo sun san motar wa ke gaba, Yarabawan da ke faci suna tambaya, har mahauta sukan leƙo su ƙirga layukan.

Dokar hanya biyu ce, ba a rubuce ba. Ta farko, na gaba shi ke da hanya. In ya ga dama ya miƙa hannu ta taga ya kaɗa, wato ya ba ka hannu ka wuce. In bai ga dama ba ya hau tsakiyar kwalta ya zauna, ko ya saka taya ɗaya a gefen titi ya tayar maka da jar ƙasa har ka daina ganin gabanka, ko ya matse ka a kwana. Ta biyu ita ce ta tawul. Kowane direba yana da farin tawul a wuya na goge gumi. In ka ga na bayanka ya fito da shi ta taga yana kaɗawa, to ya rasa birki, ko wani abu ya lalace da ba zai iya tsayawa ba. Nan ba gasa. Ka kauce nan take, ko da ƙanin wanda ya kashe ubanka ne. Tun da aka kafa tashar, in ji tsofaffin direbobi, ba a taɓa jin wanda ya yi ƙarya da tawul ba.

Motar Bazazzagi ta fi tawa gudu, shi kuma ya fi direbana zafin hannu. Abin da muke da shi kawai sammako da tare hanya. Ni nake tayar da Banufe tun ana kiran assalatu, in mun samu gaba kuma ba ma saki. A rumfar shayi an sha yin musu a kan wannan. Wasu su ce doka ta ba mu, wasu su ce doka ta ba ka ka ci da hannu biyu amma mai kunya ba ya yi. Bazazzagi shi dariya yake yi. Ya ce ai bawansa bai san hanya ba, kasuwa ya sani, ya ɗauki kwaltar gwamnati rumfar ubansa ce, in ya shimfiɗa tabarma ba mai wucewa sai ya taya. Na ce masa wanda ya riga zuwa kasuwa shi ke zaɓen inuwa. Aka yi dariya, ya biya mini shayi.

A shekarar da nake ba da labari an sauya hannun tuƙi, daga hagu aka koma dama. Motocinmu kuwa duk tsofaffi ne, sitiyarinsu a dama yake. Sai ya zama direba yana can gefen daji, wanda ke zaune a tagar hagu shi ke tsakiyar titi. Shi ke leƙa gaba ya ce wa direba a wuce ko kada a wuce, shi ke waiwaya baya, shi ke ba da hannu. A motata ni ne wannan mutumin. Na ji daɗin abin ƙwarai, don a karo na farko ina da aiki a motata ban da zama.

Muka zo tafiya ta ƙarshe layinmu daidai da na Bazazzagi, sauran motoci an bar su nesa. Muka riga shi tsallake gadar Jebba, muka riƙe gaba har Ilori, har Badun. Sau biyu yana kawo kai, sau biyu Banufe yana rufe masa. A gidan mai na Abekuta muka tsaya tare muka shayar da raguna. Ya zo tagata idonsa ja saboda ƙura, ya ce in shirya kuka, yau a gaban matata zai sa a ja layinsa. Na ce ya je ya wanke fuska tukuna, ya yi kama da jan biri. Muka riga shi fita da kamar tsawon mota uku.

Hantsi ne, rana ta fito sosai. Bayan Abekuta da ɗan nisa akwai wata doguwar gangara, gonakin koko hagu da dama, a ƙasanta ƙaramar gada mai cin mota ɗaya. Mun kai rabinta na ji hon ɗinsa, ba irin wanda yake yi mini na tsokana ba, dogo ne ba yankewa. Na leƙa. Ya fito da motarsa hagu daf da bayanmu, tagarsa ta zo saitin tawa, ina ganinsa kamar yadda nake ganin tafin hannuna. Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan a waje, farin tawul yana kaɗawa.

Banufe ba ya ganin komai daga inda yake. Ya ce, "Maigida, me kake gani?"

Zan faɗi abin da ya zo mini, don na daɗe ina juya shi. Ni a kasuwa na tashi. Na ga mutum ya rantse da abin da ya fi tawul girma a kan fatar akuya. A wurina duk wata magana tayi ce, ana faɗinta ne a ga ko za ka motsa. Na ce a raina ɗan ƙauye ya ga Agege ta matso, ya fito da dabararsa ta ƙarshe, in na kauce shekara guda zai yi yana ba da labarin yadda ya sayi Bakano da tsumma. Hannuna yana kan taga. Miƙa shi kawai zan yi in ce wa Banufe ya sauka gefe.

Na ce, "Ba komai. Tare shi."

Banufe ya murɗa hagu ya rufe hanya. Abin da ya rage wa Bazazzagi biyu ne, ya daki bayanmu ya tura mu kan gada, ko ya shiga daji. Ya shiga daji. Na ga motar ta sauka daga kwalta, ta karya bishiyoyin koko kamar kara, ta jingina, sannan ta kwanta a hankali ta gefen dama, gefen da yake.

Banufe bai tambaye ni ba ya tsaya. Muka hau gangarar da gudu. Raguna sun zube, wasu sun fantsama cikin gona, wasu suna shure-shure ƙarƙashin katako. Fataken da ke saman bodi Allah ya tsare su, har sun zare wuƙaƙe suna bin waɗanda suka karye suna yankawa kafin su zama mushe. Manoman wurin suka fito da adduna da sanduna, muka ɗaga ƙofa muka jawo shi. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Tawul ɗin yana naɗe a hannunsa. Na ga Banufe ya dubi tawul ɗin, ya dube ni. Har ya bar aiki a wurina bayan shekara huɗu bai taɓa cewa komai ba.

Wata ƙaramar mota ta tsaya, muka mayar da shi asibiti a Abekuta. Na tsaya har aka ɗaure ƙafar. Ba zan ɓoye ba, ina tsaye a barandar asibitin ina duba agogo. Da la'asar muka shiga Agege, ba motar da ta riga mu.

Sarkin tasha bai ja layin ba ranar. Dattijo ne da ya yi tuƙi tun zamanin Turawa, ya ce sai ya ji daga bakin mai ƙafa. Fatake sun ce su suna riƙe da katako suna salati, ba su ga komai ba. Washegari ya tafi Abekuta da kansa, na bi shi. Ya zauna a bakin gadon Bazazzagi ya tambaye shi ko ya fito da tawul. Ina tsaye a ƙofa. Bazazzagi ya dubi rufin ɗakin ya ce birki ya tafi farat ɗaya, hannunsa biyu suna kan sitiyari, bai samu sararin fito da komai ba.

"Baba, na gaba shi ke da hanya," ya ce. "A ja masa layinsa."

Da dattijon ya fita na matsa kusa. Na fara magana, ya katse ni. Ya ce, "Alhaji, an gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri." Ko Makka ban je ba lokacin. Na tsaya ina jiran ragowar, ina jiran ya ce bawana ya zo ya ga ko zan mutu ya gaji gadon asibiti. Ya rufe ido.

Na ci shekarar. Motata ba ta bi sahu ba, daga goron nan na sayi ta biyu, daga ta biyu sauran suka biyo. Na gyara masa motarsa, ya karɓa ya yi godiya, ya sayar da ita, don ƙafar ba ta ƙara iya taka birki ba. Ya yi wata shida a Agege yana dogara sanda. Kullum muna haɗuwa a rumfar shayi. In na shigo sai ya gyara zama ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na tsokane shi ta kowace hanya da na sani. Na ce ɗan ƙauye ya samu ƙafa ta uku. Ya yi murmushi ya ce haka Allah ya so, Alhaji. Da ya zage ni a gaban tasha, ko ya faɗa wa sarkin tasha gaskiya aka goge layukana duka, da na san yadda zan yi da wannan. Ladabi ne ban san yadda ake tayawa ba. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma gida.

Gasar ma ba ta daɗe ba bayansa. Manyan tireloli suka zo, aka buɗe sabon titi, tashar ta cika da mutanen da ba su san juna ba. Ina kewar Agegen nan, ƙamshin ɗanyen goro da ganyensa in an kwance huhu, ƙarar jirgin ƙasa da ke katse hira a tsakiya sai a jira ya wuce a ɗora daga inda aka tsaya. Amma in na bi kewar zuwa gindinta, murya ɗaya nake tararwa, tana zagina daga can ƙarshen benci.

Sau ɗaya na je Zariya wurinsa, bayan shekaru, lokacin har na yi furfura. Na same shi yana da injin niƙa a ƙofar gida, gari ya yi masa fari a gira. Ya sa aka yanka kaza, ya shimfiɗa mini darduma sabuwa, ya kira 'ya'yansa suka durƙusa suka gaishe ni. Bayan mun ci abinci, mu biyu kawai a zaure, na ce masa na ga tawul ɗin.

Ya ce, "Na san ka gani. Ai ido muka haɗa."

Na ce to ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a gadon asibiti, kuma na yarda da shi, don ba mutum ne mai faɗin abin da ba ya nufi ba, sai dai sau ɗaya, domina. Na jira ko akwai wani abu bayan yafiyar. Ya tambaye ni farashin masara a Legas.

Lungun gidansu matsattse ne, motar da na zo da ita sai da baya za ta fita. Ya fito da sandarsa ya tsaya a bakin lungun yana yi wa direbana jagora, yana cewa zo, zo, karya hagu kaɗan, zo. Da muka hau titi ya buga bodin sau biyu da tafin hannu, ya juya ya koma wurin injinsa, mata uku suna jiransa da kwanukan dawa.