Gwaten Accar da Na Ciyar da Gwaggo Delu

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Inna, kuma har yau in na ga an ɗora babbar tukunyar biki a kan murhu sai zuciyata ta yi zafi.

Inna ba 'yar ƙasarmu ba ce. Baba ya auro ta ne daga garuruwan kan dutse na kudancin lardin Zazzau, lokacin da yake kai mazarƙwaila can a kan jakuna. Ta zo ƙauyenmu na kusa da Likoro da sallarta da azuminta, amma duk wannan bai hana a kira ta 'Yar Dutse ba. Wai mutanen dutse ba su san tsarki ba, wai ba abin da ba sa jefawa a tukunya, har kare. Accar da take rege mana da ƙwarya biyu har sai ba tsakuwa ko ɗaya, cewa suke abincin tsuntsaye ne. Gwate kuwa sunansa jagwalgwalo.

Mai jan ragamar wannan magana ita ce Gwaggo Delu, yayar Baba. Ita ce uwar girki a duk suna da biki na unguwarmu, ita ke cewa wance ta kama muciya, wance ta yi miya. Shekara ashirin da wani abu, ba ta taɓa barin Inna ta tuƙa tuwon taro ba. Ɗebo itace da wanke-wanke ne rabonta. Ranar bikina, shekarar da aka yi shagalin samun mulkin kai, Inna ta miƙa hannu za ta karɓi muciya, a cikin gidanta, a bikin 'yarta ta fari. Gwaggo ta janye, ta ce baƙi daga Maƙarfi za su ci, kada a ji kunya. Inna ta yi murmushi ta koma bakin rijiya. Ina cikin lalle na ji komai, kuma wallahi tun ranar na ƙulle abin a raina.

Bayan 'yan shekaru ciwon ciki ya kwantar da Inna da kaka, ana tsakar yankan rake. Kwana tara ta yi kafin ta cika. Da na yi mata zancen Gwaggo, cewa ta yi ita ta yafe, ni ma in bar shi.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ana gobe sadakar bakwai na sami Baba na ce masa Inna ta bar wasiyya: a yi sadakarta da accar da ƙanenta ya kawo mata, wadda ke cikin randa, kuma ni kaɗai zan dafa. Ƙarya nake. Inna ba ta ce haka ba, Allah Ya yafe mini. Amma wa zai ja da wasiyyar mamaci? Baba ya sunkuyar da kai ya ce a yi yadda ta ce.

Da hantsi na ɗora tukunyar nan ta biki da aka hana ta taɓawa. Na haɗa gwate, na zuba accar da yakuwa da gauta da wake da dakakkiyar gyaɗa, yadda ta koya mini. Matan unguwa suna zazzaune a tsakar gida, hannu rabbana, ba wadda na bari ko itace ta tura. Aka fitar wa malamai zaure, suka yi addu'a, kwanuka suka dawo a sharce. Matar liman ma ta ja nata gaba ta fara sha.

Na ɗauki kwano da ludayi, na je na durƙusa gaban Gwaggo kamar 'yar kirki.

"Gwaggo, ga sadakar Inna."

"Ajiye, 'yar nan. Azumi nake."

"Ikon Allah. Ga goro kuwa a bakinki, Gwaggo."

Ƙin sadakar mamaciya a gaban jama'a, kwana bakwai da binne ta, ba abin da ko Gwaggo za ta iya ɗauka ba ne. Ta tofar da goron, ta kama ludayi. Ban tashi ba. Ina durƙushe ina kallon maƙogwaronta har ta ga gindin kwanon. Da ta gama na ce mata girkin 'Yar Dutse ke nan, a ƙaro? Har ta koma ga Allah ba ta ƙara haɗa ido da ni ba.

Wani lokaci nakan ce da Inna za ta leƙo yau, me za ta ce? Acca ce ga ta nan a leda a manyan kantunan Zariya, likitoci na cewa masu ciwon suga su lazimce ta. Jikokin waɗanda suka toshe hanci su ke aike Kudan da Ikara a nemo musu ko mudu ɗaya. Na san halinta, dariya za ta yi, ta ce a kawo ƙwarya ta nuna musu yadda ake regewa don kada su tauna tsakuwa. Ni kam ba na dariya. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mun zalunci matar nan, sun dai canza baki ne kawai da likita ya yi magana.

Abin da ya rage nata a duniya ba shi da yawa. Ba hoto, kabarin ma ya baje. Akwai hannunta a girki, wanda na gada na kuma koya wa 'ya'yana mata huɗu, duk inda suke aure ana cin acca a gidan. Haƙurinta ne ban gada ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa zan gada.

'Ya'yana kan ce, Mama, duk sun mutu fa, ki yafe mana. Nakan ce musu Inna ta yafe nata haƙƙin tun tana da rai, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Amma ni aka sa na ji ana korar uwata daga murhunta ranar aurena, kuma wannan haƙƙin nawa ne. Ban yafe ba.