Robar da aka ɗaura wa Bitrus

Bana shekara shida ke nan da rasuwar mijina, Malam Bitrus, kuma har yau ina jin ana cewa maciji ne ya kashe shi. Na gaji da yin shiru. Ba maciji ba ne.

Malamin firamare ne a Majidaɗi, muna da gonar masara a Iware. Tun yana yaro wani Fada, limamin coci da ya zo daga wani tsibiri, ya ba shi labarin ɗan macijin ƙasarsu, gajere, marar dafi, wanda in ya tsorata sai ya naɗe kamar gammo ya ɓoye kai. Ya kuma nuna masa irinsa a ƙasarmu. Daga nan Bitrus ya zama lauyan macizai, ina yi masa tsiya yana dariya.

Wata rana muna noma, aka tono irin wannan macijin. Kafin a sare shi da fartanya Bitrus ya kai hannu ya ɗauke shi, shi kuwa ya cije shi a yatsa. Nan take kawunsa ya yanko robar tayar keke ya ɗaure masa dantse tamau, wai kububuwa ce.

"Kawu, ku kwance ni. Wannan ba shi da dafi, na san shi."

Kawu ya ce ai dafin ne ya hau masa kai, shi ya sa yake surutu. Duk abin da Bitrus ya faɗa sai ya zama shaidar dafi. Aka kai shi gidan mai magani, aka tsattsaga hannun. Na durƙusa, na kama ƙafar Kawu, na yi kuka, aka fitar da ni waje. Kwana biyu robar na nan. Da muka isa asibiti a Jalingo hannun ya yi baƙi yana wari. An yanke hannun, amma ruɓar ta riga ta shiga jini.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Hanyar Iware ta cika da babura, amma robar nan tana aljihun kowane manomi. Damina ta bana an ɗaura wa wata mata da maciji ya cija a Mayo Gwoi. Na je da gudu, na faɗa musu abin da na gani da idona, suka ce takaba ce ta taɓa mini hankali.

Abin da Bitrus ya bar mini ke nan: na san gaskiya, kuma ba mai saurarena. Shi ma da bakinsa ya faɗa, yana da rai, a gaban mutanen da suke ƙaunarsa.