Irin Geron Inna Hure

Duk ƙauyenmu na bayan Minjibir ba wanda ya kai Inna Hure iya zaɓen iri. Da kaka ta yi, kafin a ɗaure dami, sai ta bi gona tana tsince zangarniyar gero mai cikar ido, ta rataye a madafi inda hayaƙi zai hana ƙwari ci. Katanga ce ta raba mu, a wurinta na koya.

Shekarar babban fari, ɗanta tilo Muntaka ya tafi cin rani kudu. Ya ce, "Inna, ki ajiye mini iri, ruwan farko a gida zai same ni." Ya bar ta hannun Iliyasu, ɗan wan marigayi mijinta.

Iliyasu kuwa, Allah dai ya shirya. Ya mayar da ita ɗakin kusa da awaki, tuwo sai abin da ya rage a ƙasan tukunya. Wai tsohuwa ba ta noma, me za ta ci da yawa? Ba ta taɓa kai ƙara ba. Kullum idonta na kan hanya.

Da rumbu ya ƙare, ya miƙa hannu kan irin. Haba, ko yaron goye ya san ba a cin iri. Ta rungume ɗaurin tana cewa, "Na Muntaka ne, ɗan nan." Ya fizge, ta faɗi kan duwatsun murhu, ƙugunta ya karye. Ba ta sake tashi ba.

Nakan kai mata kunu a ɓoye. Tambayarta ɗaya ce: "Furera, an ga hadari?"

Ranar da jikin ya tsananta, ta laluba ƙarƙashin tabarma ta zaro zangarniya guda. Wallahi sai da na yi kuka. Mace yunwa na cinta, ga gero a ƙarƙashinta. Ta ce, "Ki ba Muntaka."

Bayan an binne ta ruwa ya sauka. Iri ba ya jira, sai na shuka a bayan ɗakina. Duk kaka ina zaɓe yadda ta koya mini, ina kewarta.

Yanzu ni ma na yi furfura. Muntaka bai dawo ba. Nasa ɗaurin yana nan rataye a madafina.